Na Wanke Jan Filtar Iska, Yayana Ya Ɗauki Laifin

Anti, don Allah ki taimake ni, kuma ki taimake ni kafin Asabar. Ban taɓa rubuto wa jarida ba, hasali ma ni ce mai dariyar masu yin haka, yau kuma ga ni. Abin da ke damuna ba na faɗa wa ƙawa ba ne, ba zan iya faɗa wa Umma ba, wanda ya fi cancanta ya ji kuwa shi nake tsoron ya ji. Ki yi haƙuri in na yi ta kewaye-kewaye, kaina ba a daidai yake ba.

Bari in fara da aikina, don in ba ki san shi ba za ki ce mahaukaciya ce ta rubuto miki. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina sashen wanki na wani asibiti, yanzu ni ce shugabar sashen. Zannuwan gado, rigunan ɗakin tiyata, tawul, duk ta hannunmu suke bi. Doka ɗaya na koya a wurin, ita kuma nake koya wa duk wadda aka kawo mini: muddin akwai ja a jikin farin ƙyalle, ko ɗigo ɗaya ne, bai wanku ba. Nakan ɗaga zani a hasken taga, in na ga alama ko yaya take sai ya koma ruwa. Har suna suka sa mini a sashen, Madam A-sake, suna tsammani ban sani ba. Na sani, kuma ba zan ɓoye miki ba, daɗi nake ji.

Maigidana yana da mota, tsohuwa ce amma lafiyayya. Ta mahaifinsa ce, Allah ya jiƙansa. Har yau tabaran tsohon yana cikin aljihun gaban motar, ba ya yarda a taɓa shi. Ofishinsu kusa ne, da ƙafa yake zuwa, saboda haka ni nake hawanta zuwa asibiti. Mai gyaranta kuwa tun tana hannun surukina shi ne Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya. Makanike ne, shekara ashirin da shida a gareji ɗaya. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Babanmu ina aji uku a firamare. A garejin nan ma Maigida ya fara ganina, ranar da ya kawo motar mahaifinsa ni kuma na kawo wa Yaya abinci.

Bara waccan aka fara aikin hanyarmu. Aka kwashe kwalta, aka bar mu da jar ƙasa da manyan motocin tsakuwa, safe da yamma cikin ƙura muke. Filtar iska, wadda su Yaya ke kira iya-kilina, wato abin da ke tace iskar da inji ke shaƙa, ta takarda ce a motar, kuma ba ta wata biyu take toshewa. Yaya ya ciro ta, ya jefa a duro, ya sa sabuwa. Ni kuwa na tsani a yar da abu. Duk lokacin da na ga ta faɗa duron nan sai in ji kamar wani abu ya soke ni.

Wata rana na shiga shagon kayan mota neman robar goge gilashi, sai na ga wata filta daban. Ƙyallen auduga ne mai ninki-ninki, an matse shi tsakanin ragar waya, launinsa ja. Mai shagon ya ce wannan ba a yar da ita, wankewa ake yi a mayar, tana iya ganin bayan motar ma. Anti, ki ce wa mai wanki ga abin da ake wankewa a mayar, ai kin gama da ita. Nan take na ce ya naɗe mini. Sai ya ɗauko wasu kwalabe biyu ya ɗora a kan kantar shagon zai fara bayani. Na yi dariya na ce ni zai sayar wa sabulu? Na ce masa abin da nake da shi a gida ya fi nasa, kuma sauri nake. Ya buɗe baki, na riga na kai ƙofa.

Da na kai wa Yaya, ya juya ta gaba da baya, ya ce ba ta da laifi, amma tana son kulawa, kuma a kan hanya irin tamu shi da ta takardar na ci gaba da sawa. Na ce masa shi dai tsohon yayi ne, duk abin da bai saba da shi ba sai ya kushe. Ya tambaye ni ko na san yadda ake kula da ita. A gaban masu jiran motocinsu na ce, "Yaya, wanki za ka koya mini?" Aka yi dariya. Ya goge hannu da tsumma, ya sa ta a akwatinta, ya nuna mini yadda ake ɓalle maƙalan, ya ce, "To, ga ki ga ta." Na ƙara da cewa in ya zo sabis ya bar wannan akwatin, nawa ne. Daga ranar bai sake buɗe shi ba.

Kowace Asabar sai na ciro ta tare da wankin gida. Wankin farko ruwan ya yi jawur. Na ce lallai, rini ne da ƙurar hanya suka haɗu. Na jiƙa ta a ruwan zafi da garin sabulu, na bi ninkin nan ɗaya bayan ɗaya da tsohon buroshin haƙori. Da ta bushe na ɗaga ta na ga har yanzu da sauran ja, na ce a sake. Mako na biyu na sa mata bilic, na kuma canza buroshi zuwa mai ƙarfi, irin na wankin takalmi. A mako na uku ta fito fara tas. Na shanya ta a igiya tsakanin kayan makarantar yara, na tsaya ina kallonta ina jin kaina.

Maigida ya fi ni murna. Ya ce motar ta fara numfashi, ya ji ƙarar injin ta canza. Har maƙwabtanmu ya kirawo ya nuna musu ita a kan igiya, yana cewa su zo su ga matar da ke wanke wa mota huhu. A ofishinsu ma ya yi ta ba da labari. Wata goma sha huɗu ina wannan aikin, ban taɓa tsallake Asabar ɗaya ba, ko da ina zazzaɓi.

Daga baya mota ta fara shan baƙin mai. Sai hayaƙi shuɗi a salansa. Sai ta riƙa nishi a hawan gada, har masu keke su wuce ni. Wata biyu da suka wuce, ina hanyar zuwa aiki da safe, ta yi wata ƙara ta tsaya cak. Yaya ya zo ya ja ta zuwa gareji, ya sauke injin. Ya gaya wa Maigida cewa ringi sun cinye, cikin injin kamar an bi shi da sanfefa, takardar nan mai yashi ta goge katako. Maigida ya tambaye shi dalili. Yaya ya ce inji ne ya tsufa, a yi haƙuri.

Maigida bai yarda ba. Wani abokinsa ya zuga shi cewa wannan aikin jabun mai ne, haka makanikai suke yi wa 'yan'uwansu don sun san ba za a bincika ba. Da rana tsaka ya tafi garejin, ga masu motoci, ga makanikan maƙwabta, ya wanke Yaya tas. Ya ce ya ci amanar mahaifinsa, ya ce jabun mai yake zuba wa mutane, ya ce da ba don ni ba da sai an ji su a wurin hukuma. Anti, Yaya ba mai haƙuri ba ne. Na taɓa ganin ya fitar da wani direba daga garejin da kwalar riga don ya zagi Umma. Amma ranar, an ce mini, yana tsaye da sifana a hannu, ko uffan bai ce ba har Maigida ya gaji ya tafi.

Washegari Yaya ya same ni a ƙofar asibiti lokacin hutun rana. Ya miƙo mini baƙar leda, na buɗe na ga filtata. Ya ce, "Ajiye wannan a ɗakinki, kada ta koma mota. Na sa ta takarda." A lokacin ina bayan mijina ɗari bisa ɗari. Na ɗauka tsohon haushinsa ne ya motsa. Na ce masa ya gama da inji, yanzu kuma filtar ce ta tsone masa ido? Ya dube ni na ɗan lokaci, ya ce in gaida yara, ya juya. Wannan kallon har yanzu yana idona.

Tun daga nan abokan aikin Maigida suka janye motocinsu daga wurinsa, su biyar, dukansu kuwa Maigida ne ya kai su tun farko. Magana ta zaga layin garejin. Matar Yaya ta daina amsa wayata. Umma ta kira ni tana kuka tana cewa ita ba ta haifi maci amana ba, ni kuma na ce mata ta bari kawai, ba ta san komai a kan mota ba. Yaya da ba ya mako bai leƙo mu ba ya ɗauke ƙafa. Yara suna tambayata ina Kawu, ina ce musu aiki ne ya yi masa yawa.

Talatar da ta wuce ne komai ya juye mini. Ogan su Maigida ya ce yana son irin filtar nan da ake ta yabo, Maigida ya ce in je in zaɓo masa tunda ni ce gwanar. Na ɗauki tawa a jaka don a gwada girma. Mai shagon ya gane ni. Ya ce Hajiya, shiru ba ki dawo sayen mai ba, ko wani wurin kike saye? Na ce wane mai? Na ciro ta na ajiye a kan kanta ina jira ya yaba. Bai yaba ba. Ya shafa ta da yatsa, ya dubi yatsan, ya dube ni. Sannan ya ɗauke ta ya je bakin ƙofa ya ɗaga ta a haske, daidai yadda nake ɗaga zanin gado a taga, ya ce in zo in leƙa. Anti, na ga mutane suna wucewa a titi ta cikinta.

Ya ɗauko sabuwa ya ajiye kusa da ita, ya yi mini bayanin da na hana shi yi tun farko. Jan nan ba rini ba ne, ba datti ba ne. Mai ne na musamman, shi ke kama ƙura, an sa masa launi ne don a ga inda ya kai da inda bai kai ba. Shi ne a cikin kwalba ta biyun da na bari a shagon. In babu shi, ƙyallen ba ya tare komai sai ganye da ƙwari, balle wanda aka ci da bilic da buroshi har ya ɓule. Ya tambaye ni tsawon lokacin da motar ta yi da ita haka, da irin hanyar da nake bi. Da na faɗa masa sai ya yi salati a hankali. Na samu kwali na zauna a kai. Ban sayi komai ba. Da na koma gida na ce wa Maigida sun ƙare a shagon.

To ga inda nake. Maigida ya kai injin wurin wani makanike, an gyara, ranar Asabar za a mayar da shi. Jiya muna karyawa ya ce in fito da filtata a sa, ita kaɗai ce abin kirki da ya rage a motar. In na mayar da ita na sake kashe injin. Ina iya cewa na gaji da wanki, a bar ta takardar. Ina iya komawa shagon in sayo sabuwa da kwalabenta biyu, in ce tsohuwar ta gaji, in riƙa kula da ita yadda ya kamata, babu wanda zai taɓa sani. Sabon makaniken ta takarda zai tarar a akwatin, ba shi da abin da zai gano.

Ko kuma in faɗa. Amma Anti, mutumin nan ya rantse a gabana cewa ba zai taɓa yafe wa wanda ya kashe masa motar mahaifinsa ba. Bai taɓa ɗaga mini hannu ba, ba wannan nake tsoro ba. Ina tsoron ranar da zai gane cewa ya tozarta surukinsa a bainar jama'a a kan laifin da ke shanye a igiyar gidansa, yana kiran maƙwabta su zo su gani. Ina tsoron yadda zai riƙa kallona bayan nan. Kuma in faɗa miki gaskiya, ina jin kunyar a ce ni, da wanki nake ci, wanki ne ya kayar da ni. Ban san ko Yaya ya gane ba. Wani lokaci in ce ya gane, wani lokaci in ce da ya gane ai da ya faɗa ya wanke kansa.

Wallahi ba da gangan na yi ba. Ki gaya mini, wace filta ce ta fi dacewa in sa ranar Asabar? Kuma dole ne sai na tona kaina? Ba za a iya gyara abin a hankali ba, in lallashi Maigida ya huce, a shirya su ba tare da an tono dalili ba? Don Allah kada ki buga sunana.

Ƙanwar makanike

AMSA

Ƙanwata, na karanta wasiƙarki sau biyu, na ji tausayinki, na kuma ji tausayin mutane uku da ke cikinta. Tunda tambaya biyu kika yi, bari mu fara da mai sauƙin.

Ni ba makanike ba ce, don haka na kai maganar wurin dattijon da ke gyara tawa motar, ba tare da na nuna masa wasiƙar ba. Ya ce duka biyun suna aiki in an ba kowace haƙƙinta. Mai wankuwar ba kowane mako ake wanke ta ba, sai ta yi datti sosai, wani lokaci watanni ne tsakani. Da nata sabulun ake yi, da ruwa marar zafi, a zuba a hankali ta ɓangaren da ke da tsabta ya fita ta ɓangaren ƙurar. Babu buroshi, babu bilic. A bar ta ta bushe sarai a inuwa, sannan a bi ninkin da man nan kaɗan-kaɗan har jan ya daidaita. Ya ce yawan man ma matsala ne, yana iya ɓata na'urar da ke auna iskar inji a motocin da ke da ita. Duk wadda za a saya kuma, a tabbata girmanta ya dace da akwatin, robar gefenta ta zauna ɗam, don ƙura ba ta neman babbar kafa. Da na ce masa jar ƙasa ake bi kullum, injin kuma yanzu aka gyara shi, bai yi jinkiri ba ya ce ta takarda mai kyau, a riƙa canzawa a kan lokaci. In an gama kwalta kina iya sake tunani. Saboda haka wadda Yayanki ya sa ita za a bari. Farar nan kuwa ta gama aiki a mota, amma kada ki yar da ita tukuna, da sauran amfaninta.

Yanzu mai wuyar. Na yarda ba da gangan kika yi ba. Hannunki ya yi abin da ya saba yi shekara goma sha ɗaya, a wurin aikinki kuma wannan halin rayuka yake tsarewa. Laifinki ba a wankin yake ba. Mutum biyu sun buɗe baki za su yi miki bayani, kin rufe wa kowannensu, ɗaya ma a gaban jama'a. Wannan ya wuce, kuskure ne. Abin da ya fara daga Talata shi ne ba kuskure ba, domin yanzu kin sani. Kin riga kin yi ƙarya ɗaya a kan shagon, kuma kina shirya ta biyu.

Ba ke kaɗai ke da rabo ba. Yayanki makanike ne, bai kamata haushin maganar ƙanwa ya hana shi buɗe akwatin nan wata goma sha huɗu ba, ina kuma zaton shi ma abin yana cinsa. Mijinki ya je ya zubar da mutuncin surukinsa a kan maganar aboki, ba tare da hujja ko ɗaya ba. Wannan nasa ne, ko da filtarki ba ta da laifi bai kyautu ya yi haka ba. Kada ki ɗauki kayan kowa ki haɗa da naki. Ki ɗauki naki kawai, amma ki ɗauke shi duka.

Kin ce ba ki san ko Yayanki ya gane ba. Ƙanwata, ya gane. Makanikena ya ce duk wanda ya sauke injin da ƙura ta cinye, abu na farko da zai duba shi ne filta da bututun da ke bayanta. Yayanki ya buɗe akwatin, ya ga fara ƙal, tana ƙamshin sabulunki. Tun kafin mijinki ya iso garejin ya san amsar. Mutumin da ke fitar da direba da kwalar riga ya tsaya ana kiransa maci amana, kalma ɗaya za ta wanke shi, ya haɗiye ta. Washegari ya cire abin da zai tona ki kafin wani makaniken ya gani, ya kawo miki har wurin aiki, ya ce ki ajiye a ɗakinki. Ba haushi ne ya kawo shi ba. Ya auna sunansa na shekara ashirin da shida da zaman aurenki, ya zaɓi aurenki. Ke kuma kin san abin da kika ce masa a ƙofar asibitin.

Shi ya sa ba zan ba ki shawarar sayen sabuwa a ɓoye ba. Za ta tsare injin, amma kowace safiya kika tayar da motar, a kan sunan Yayanki za ki tayar da ita. Lallashi kuma ba zai yi ba. Ko mijinki ya huce, hucewar wanda ya yafe wa mai laifi zai yi, Yayanki kuma ya ci gaba da zama mai jabun mai a bakin layinsu, Umma ta ci gaba da kuka.

Gobe ki je wurin Yayanki, da ƙafarki, ba ta waya ba. Ki ce masa kin gane abin da kika yi, kin kuma gane abin da ya yi. Zai ce ki bar maganar, ta wuce, kada ki tayar da fitina a gidanki. Ki gode masa, amma kada ki karɓa. Ki shaida masa za ki faɗa, ba izini kika zo nema ba.

Sannan mijinki, kafin Asabar. Ki zaɓi lokacin da yara ba sa gida, ya ci abinci, ba ya sauri. Kada ki yi doguwar shimfiɗa. Ki ɗauko filtar, ki kai shi bakin ƙofa, ki ɗaga ta a haske ya leƙa da idonsa, sannan ki gaya masa abin da mai shago ya gaya miki, har da kwalaben da kika ƙi saye da ƙaryar Talata. Kada ki ce ai Yaya ma da ya buɗe akwatin, ba ranar wannan ba ce. Zai yi fushi, ki sa ran haka. Rabin fushin naki ne, rabin kunyar kansa ce, ita ce ma za ta fi daɗewa. Ki ba shi kwanaki, kada ki bi shi da kuka kina neman ya yafe nan take. Rantsuwar da ya yi, ya yi ta ne yana zaton cin amana aka yi masa. Matar da ba ta tsallake Asabar ko da zazzaɓi don motar mahaifinsa ba maciyar amana ba ce, in ya nutsu zai ga haka. In ya nutsun kuma, ki tuna masa cewa tsohon da yake ajiye da tabaransa shi da kansa ya zaɓi Yayanki ya miƙa masa motar nan.

Abu ɗaya kada ki yarda a rage. A gareji aka yi maganar, da rana, a gaban mutane. Can za a je a janye ta, da rana, a gaban mutane, ku biyu. Ba a falo ba, ba ta bakin Umma ba. Abokan aikinsa biyar ɗin nan ma shi zai bi su ɗaya bayan ɗaya. Za a yi miki dariya a layin, wataƙila har labari ya kai sashenku. Ki bari a yi. Dariyar mako biyu ce, za ki iya ɗauka.

Ba zan yi miki alkawarin komai zai koma yadda yake da wuri ba. Amma wata biyu ke nan Yayanki yana fita aiki da tabon da ba nasa ba, bai kai ƙara wurin kowa ba, kuma duk duniya ke kaɗai ce za ki iya fitar masa da shi. Ke ce ba ki barin ɗigo ɗaya ya wuce a zanin baƙon da ba ki sani ba. Wannan na wanda ya rene ki ne.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya ran mijinki, ya saka wa Yayanki da alheri. Ina fatan kafin a gama kwaltar nan yara sun daina tambayar ina Kawu, don yana zaune a falonku.

Anti